Yadda ake shawo kan yagewar filafili da ɓacin ran abokan tafiya a tsakiyar teku

A majalisarmu ta Jekadafari da ke Gombe, duk wanda ya ji na ce na ƙetare Tekun Atlantika a jirgin da iska ke turawa sai ya tambaye ni ko ya fi dam ɗin Dadin Kowa girma. Daga Las Palmas ta tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sent Lusiya na yankin Karibiyan kusan mil 2,700 ne na teku. Tun 1990 ake yin gangamin ƙananan jiragen ruwa da ake kira ARC a wannan hanya duk watan Nuwamba, ƙaramin jirgi kan yi kamar mako uku bai ga tudu ba. Iskar da ke kai ka daga arewa maso gabas take busowa, 'yar'uwar hunturunmu ce.

Filafili shi ne babban ƙyallen da ake ɗagawa a jigon jirgi. Ba guguwa ce ta fi kashe shi ba, goga ce. Don haka abu na farko, kullum da safe ka zagaya ka duba inda ƙyalle ke shafar waya ko ƙarfe. Igiyar da ke ɗaga shi kuma ka riƙa sassauta ta ko ja ta kaɗan, kada wuri ɗaya ya yi ta ci.

Kafin magariba a rage filafili. Hadari da dare yake shammatar mutum, kuma da zarar zuciyarka ta ce ko a rage, lokaci ya yi.

In ya yage, kada kowa ya ruga. Kowa ya ɗaura ɗamararsa ya maƙala ta a jikin jirgi, sannan a sauke ƙyallen. A wanke gishirin wurin da ruwan daɗi, ko da ana tsimi, a bari ya bushe sarai, domin salatif ɗin filafili ba ya kama danshi. A yanka faci mai zagayayyun kusurwoyi, a manna ciki da waje, a bi da basilla da zare mai kaki, ɗinkin zigizaga. Akwai fatar da ake sawa a tafin hannu don tura allurar. Ranar da na raina ta, kwana huɗu ban iya riƙe kofi ba. Wanda ya taɓa zama gaban baduku a tsohuwar kasuwar Gombe zai ga aikin ba baƙo ba ne.

Sai na mutane, wanda ya fi wuya. Rashin barci ne uwar rigima, saboda haka a raba gadi awa uku-uku, kada a tashi mutum sai dole. Wanda filafili ya yage a hannunsa, a ce masa sannu, a miƙa masa shayi mai citta (tana rage tashin zuciya ma). Maganar laifin wa, a bar ta sai ciki ya cika.

A ci abinci mai zafi tare sau ɗaya kullum. Ranar da aka raba tafiya biyu a yi 'yar walima. Ni dambun naman da Yaya ta ƙulla mini na fito da shi, kyaftin ɗinmu da ya kwana biyu yana cin magani har da neman ƙari.

Salla kuwa, tunda yamma aka nufa, alƙibla tana bayanka. In igiyar ruwa ta hana tsayuwa, a zaune nake yi, ƙafa ɗaya na tokare benci.