Yadda ake magance toshewar hanci ga mai kwana da na'urar CPAP

A hunturun da ya wuce, yayana, wanda direban babbar mota ne tsakanin Kumasi da Tamale, ya naɗe na'urar numfashinsa ya tura ta ƙarƙashin gado a ɗakinsa da ke unguwar Aboabo a Kumasi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Kai dai bari, ɗan'uwa. Abin nan toshe mini hanci yake yi, gara in koma minsharina." Na ce masa, "Yaya, ba minsharin ne ke tsoratar da mu ba, shirun da ke biyo bayansa ne." Hankalina ya tashi ƙwarai, domin yana da lalurar ɗaukewar numfashi a cikin barci, kuma mai wannan lalura numfashinsa yakan ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, wani lokaci sama da sau 30 cikin awa ɗaya, saboda naman maƙogwaro yana saki ya rufe hanyar iska. Irin wannan mutum yakan wuni yana gyangyaɗi, kuma gyangyaɗin mai riƙe da sitiyari ba a kansa kaɗai yake ƙarewa ba.

Na'urar CPAP, wadda likitan nan na Ostireliya Colin Sullivan ya gabatar wa duniya a 1981, aikinta shi ne tura iska a hankali ta mesa zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a fuska, domin hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Toshewar hanci tana cikin manyan abubuwan da ke sa mutane su yi watsi da ita, alhali kuwa yawancinta tana gyaruwa a gida idan aka bi matakan da suka dace bi da bi.

Abu na farko shi ne mutum ya gano ko bakinsa yana buɗewa a cikin barci. Na fara da wannan ne domin shi aka fi mantawa, kuma sau da yawa shi ne tushen matsalar. A al'ada, iskar da muka shaƙa takan ɗebi danshi daga cikin hanci, idan muka fitar da ita kuma sai ta mayar masa da wani kaso. To, idan mai takunkumin hanci ya saki baki, iskar na'ura tana shiga ta hanci ta fice ta baki, ba ta dawowa, don haka duk daren tana kwashe danshi ba ta mayarwa. Fatar cikin hanci ta bushe, jijiyoyin jini su cika, naman ya kumbura, hanya ta ƙuntata, sai mutum ya ƙara wangale baki domin ya samu iska, lamarin ya yi ta ƙara taɓarɓarewa. Alamarsa a fili take: tashi da asuba da busasshen baki da harshe kamar an shafa toka. Mai ɗaki ma za ta iya faɗa maka, domin tana jin hucin iska daga leɓɓanka. Maganinsa shi ne madaurin haɓa mai riƙe muƙamuƙi, ko kuma a sauya zuwa takunkumi mai rufe hanci da baki gaba ɗaya. Ina ganin duk mai hali ya ajiye irin wannan takunkumi ko da ba shi yake sawa kullum ba, saboda ranakun mura.

Daga nan sai a koma kan ɗan tankin ruwan da ke jikin na'ura, wanda ke ɗumama ruwa ya haɗa iskar da tururi. A nan ne zaman Kumasi yake da nasa hukunci. Galibin shekara iskarmu tana da laima, har wasu sukan kashe tankin ba su ji komai ba. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke gangarowa daga arewa da hazo da ƙura, lambar ɗumin tanki da ta ishe ka a watan Yuni ba za ta ishe ka ba. Ka ƙara ɗumin tankin da mataki ɗaya, ka kwana biyu ko uku a kansa, sannan ka duba ko akwai bukatar ƙari. Kada ka ɗaga shi zuwa ƙarshe a dare ɗaya, domin tururin zai huce a cikin mesa ya koma ruwa, ka ji yana ɓurɓura ko ya ɗigo maka a fuska. Idan haka ta faru, sai a ajiye na'urar ƙasa da matashin kai kaɗan domin ruwan ya gangara ya koma tanki, a kuma lulluɓe mesar da ƙyalle ko a shigar da ita cikin bargo. Mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki kuwa ya sani cewa ya kawo wa kansa hunturu ko da a tsakiyar damina ne.

Ruwan da ya fi dacewa da tankin shi ne tataccen ruwan da ake samu daga tururi, wanda ake sayarwa a kantin magani. Idan bai samu ba, ruwan gora zai yi, sai dai yakan bar farin dasashi a gindin tankin da sai an jiƙa shi da binega sirke da ruwa kafin ya fita. Ruwan batir na wurin makanikai kuwa kada a kusance shi. Kowace safiya a zubar da ragowar ruwan, a kife tankin ya bushe. Idan an ɗauke wuta ana aiki da batir, a kashe ɗumamawar amma a bar ruwa a ciki, domin ɗumama ruwa shi ke cinye caji, kuma iskar da ta bi ta kan ruwa mai sanyi ta fi wadda ba ta taɓa ruwa ba.

Mataki na gaba shi ne wanke hanci da ruwan gishiri, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba shaƙa ruwa da facewa a alwala. Ana tafasa ruwa na aƙalla minti ɗaya, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi, sannan a narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri mai tsabta a cikin kofi ɗaya, wato kimanin mililita 240. Tafasawar wajibi ce, domin a nan ruwan zai shiga can cikin hanci da ƙarfi, kuma ruwan famfo ko na rijiya yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ciki yake kashewa amma hanci ba ya iyawa. Ka sunkuya a kan kwano, ka karkatar da kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta nan, ka matsa ruwan da robar wanke hanci ko sirinji marar allura a ƙofar hanci ta sama har ya fito ta ta ƙasa, sannan ka juya. Ka fyace a hankali. A yi shi kamar awa ɗaya kafin kwanciya, misali bayan sallar Isha'i, domin ragowar ruwan ya gama sauka kafin a ɗaura takunkumi. A daren farko da yayana ya gwada, ruwan da ya fito ja-ja ne da ƙurar hanya, shi kansa sai da ya tsaya yana kallon kwanon.

Sai tsabtar kayan aiki da ta ɗaki. A bayan na'ura akwai ƙaramar matatar iska. A lokacin hunturu a duba ta duk mako, idan ta yi ƙasa-ƙasa a sauya ta, ko a wanke idan irin soso ce. Takunkumi a goge shi kullum, mesa a wanke ta duk mako da sabulu marar ƙamshi, a rataye a inuwa. Kada a ajiye na'urar a dandaryar ƙasa. Hayaƙin maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta, da gawayi, duk na'urar za ta zuƙe su ta aika hanci kai tsaye, saboda haka gidan sauro ya fi zama alheri, turare kuma a yi shi da wuri a buɗe taga.

Batun magunguna yana bukatar a tsaya a kansa. Maganin ɗigawa ko fesawa mai buɗe hanci nan take, irin mai ɗauke da xylometazoline ko oxymetazoline, yana aiki cikin mintuna, shi ya sa ake son sa. Amma idan aka wuce kwana uku zuwa biyar ana amfani da shi, hancin yakan saba, ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da ƙarfin maganin ya ƙare. Yayana ya faɗa wannan rami, kwalba ɗaya a aljihu, ɗaya a mota. Ƙwayoyin mura masu ɗauke da pseudoephedrine kuma suna ɗaga jini, ga shi masu wannan lalura da yawa suna da hawan jini tun asali. Wanda ƙura ko gashin dabba ke sa shi atishawa da ƙaiƙayin ido, likita kan rubuta masa maganin fesawa irin fluticasone ko mometasone. Wannan ba ya gaggawa, sai an jure kullum na mako ɗaya ko biyu. Wajen fesawa a nufi gefen kunne, ba bangon tsakiyar hanci ba, domin kauce wa haɓo. Man kaɗanya da man zafi da iyayenmu suka saba cusawa a hanci, a bar su ga mai na'ura: maiƙo yana lalata robar takunkumi, kuma iska na iya kai shi huhu. Kada a zuba ko ɗigo ɗaya a cikin tanki.

Ƙarfin iskar na'ura, wanda yawanci yake tsakanin 4 da 20, likita ne ya saita shi daidai da gwajin barcinka, kada ka taɓa shi da kanka. Idan an yi mako biyu zuwa uku ana bin waɗannan matakai hancin bai saki ba, ko ƙofa ɗaya ce kullum a toshe, ko ana yawan haɓo, ko majina ta yi kauri da wari tare da zazzaɓi da ciwon fuska, sai a nufi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi, domin a duba ko bangon hanci ya karkace ko akwai tsiro a ciki. A tafi da na'urar da takunkumin da duk maganin da ake fesawa, domin na'urar tana adana bayanin yawan iskar da ke yoyo kowane dare, kuma likita zai so ya gani.