Yadda Ake Tsara Akurkin Kaji a Bayan Gida da Gina Shi

Kafin a sayi katako ko a kira kafinta, a fara tsayar da yawan kajin da za a ajiye, domin a kan wannan lissafin ne girman akurkin da na farfajiyarsa za su tsaya. Kowace babbar kaza tana buƙatar kusan murabba'in mita 0.4 a cikin ɗakin kwana, da kuma murabba'in mita 1 a farfajiyar da za ta wuni. Mai kaji shida zai wadatu da ɗaki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2, da farfajiya mai mita 2 a faɗi da mita 3 a tsawo, har ma ya samu ɗan rara a ɗakin. Wannan rarar tana da amfani, domin da wuya mai kiwo ya tsaya a adadin da ya fara da shi, kuma cunkoso ne ke sa kaji su riƙa saran juna suna fige gashin 'yan'uwansu.

A zaɓi wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, mai samun inuwa da tsakar rana. Inda ake zafi, a miƙe tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta daɗe tana dukan dogayen ɓangarorinsa.

Batun iska shi ne wanda aka fi yi wa sakaci, kuma a ganina shi ne ya fi komai muhimmanci. Mutane da yawa suna toshe akurki ruf saboda tausayin kada sanyi ya kama kajin, alhali kaza ta fi jure sanyi a kan zafi da danshi. Zafin jikinta yana kaiwa kimanin digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, kuma ba ta yin gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukanta. Numfashin kaji da kashinsu suna cika rufaffen ɗaki da danshi cikin dare ɗaya, sannan kashin yana fitar da iskar amoniya mai zarni, wadda ke lalata musu idanu da hanyoyin numfashi. Saboda haka a bar tagogi masu faɗi a saman bango, dab da rufi, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a rufe su da raga. Iska mai ɗumi da danshi sama take tashi, sai ta fice ta can ba tare da ta bugi kajin kai tsaye a inda suke barci ba. Gwajin yana da sauƙi: da asuba, kafin a saki kajin, a durƙusa a sa kai daidai tsayinsu a shaƙi iskar. Idan zarni ya soki hanci ko ido ya kawo ruwa, tagogin sun yi kaɗan ko kuma shimfiɗar dusar katako da ke ƙasan ɗakin ta jiƙe.

Rufin ya kasance mai gangara, bakinsa ya zarce bango da aƙalla santimita 30 don ya tare feshin ruwan sama. Kwano yana ɗaukar zafi ƙwarai, don haka a ɗaga shi sosai ko a sa silin a ƙarƙashinsa.

Wajen ƙasan ɗakin, akwai hanya biyu masu kyau. Ko dai a yi daɓen siminti mai ɗan gangara zuwa ƙofa, wanda ɓera ba ya iya haƙawa kuma ana iya wanke shi, ko a ɗora ɗakin a kan ƙafafu ya tashi daga ƙasa da santimita 50 zuwa 60, ƙarƙashinsa ya zama inuwa ga kajin. Abin da za a guje wa shi ne daɓen katako mai ɗan rata kaɗan tsakaninsa da ƙasa, domin nan ne ɓeraye ke samun maɓoya. A zuba busasshiyar dusar katako mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a riƙa kwashe duk inda ya jiƙe, musamman kewayen mazubin ruwa, saboda jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke raya ƙwayoyin cutar da ke sa kaji zawon jini.

Kaji suna son kwana a sama. A gitta musu sanda mai faɗin santimita 4 zuwa 5, a goge kaifin gefunanta, a ba kowace kaza santimita 25. Tsayin santimita 60 daga ƙasa ya isa, domin kaza mai nauyi takan ji ciwo a tafin ƙafa idan tana dira daga wuri mai tsawo. Gurbin ƙwai kuwa akwati ne mai santimita 30 a kowane gefe, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a lungun da ya fi duhu. Lallai ne sandar ta fi gurbin tsayi. In ba haka ba, a cikin gurbin za su kwana, da safe a tarar da ƙwai cikin kashi.

Ragar nan mai siririyar waya da manyan idanu tana hana kaji fita, amma kare ko muzuru yana iya yage ta, ɓera da maciji kuma su ratsa ta. A nemi raga mai kauri wadda idanunta ba su wuce santimita 1.3 ba, a binne gindinta zurfin santimita 30 kewaye da farfajiyar, ko a kwantar da ita a ƙasa ta waje a rufe da ƙasa, don ta tare masu haƙa. A rufe saman farfajiyar ma saboda shaho da tsuntsayen daji masu kawo cuta. Kowace ƙofa ta samu sakata mai ƙarfi, kuma a riƙa kulle ƙaramar ƙofar kajin da zarar sun shiga da magariba.

A ƙarshe a tuna da wanda zai riƙa shara. Akurkin da sai an rarrafa ake kai wa ƙuryarsa ba zai riƙa samun shara ba, komai himmar mai shi. A yi babbar ƙofa da mutum zai shiga da shebur, a sa sandar kwana da akwatunan ƙwai su zama masu ciruwa, a kuma toshe tsagogin katako a shafe su da fenti, domin a cikinsu ƙananan ƙwari masu shan jini ke ɓuya da rana su fito wa kaji da dare. Bayan an gama aiki, a bi ƙasa a tsince ƙusoshi da guntayen waya, saboda kaza tana haɗiye su, sannan a bar fentin ya bushe har warinsa ya fita kafin a shigar da kajin.