Yadda Za Ka Nuna wa Ɗalibai Halin Ruwa Idan An Matse Shi

Malam, ranar da darasin matsi ya zo, biya ta kemis ka sayi sabon sirinji mai cin mililita 20. Cire allurar ka ajiye ta inda hannun yara ba zai kai ba.

Fara da iska. Ja sandar sirinjin har ya cika, ka sa ɗalibi ya toshe bakin da babban yatsa ya danna. Sandar za ta shige sosai, da ya saki ta dawo. Sai ka cika shi da ruwa. A nan gwajin yake lalacewa, domin ko ɗan kumfa ɗaya ya rage, shi zai matsu, yara su ɗauka ruwan ne. Ɗaga bakin sama, ka ƙwanƙwasa jikin da farce, ka tura kumfan waje. Yanzu kira wanda ya fi kowa ƙarfi a ajin ya danna. Ko gezau.

Ina roƙonka, kada ka rubuta musu cewa ruwa ba ya matsuwa. Yana matsuwa, yatsa ne ba shi da ƙarfin nunawa. Matsin da yaron ya bayar bai wuce ninki biyu ko uku na matsin iskar da ke kanmu ba, raguwar ruwan kuwa wajen kashi 1 cikin 10,000 ce, ido ba ya ganinta. A cikin teku, duk mita 10 da aka nutsa ana ƙara ninki ɗaya. A ƙasan kwazazzabon Mariyana da ke tekun Fasifik, zurfin kusan kilomita 11, matsin ya haura ninki 1,000, kuma can ruwa ya takure da wajen kashi 5 cikin 100.

Za su tambaye ka ina raguwar take shiga. Zana musu ƙwayar ruwa guda riƙe da maƙwabta huɗu ta ɗaurin haidurojin, wato jan da ke haɗa ƙwayar ruwa da 'yar'uwarta, da sarari a tsakaninsu. Idan matsi ya yi tsanani, ɗaurin ba ya tsinkewa da sauƙi, lanƙwashewa yake yi, sai ƙwayoyin da ke bayan maƙwabtan nan huɗu su kutso cikin sararin, kamar yadda kwandasta ke cusa fasinja a motar da ta riga ta cika.

Daga nan juya gwajin. Ɗebi ruwa mai zafi kaɗan, wanda hannu zai iya jurewa, ka toshe bakin, ka ja sandar da ƙarfi. Ruwan zai tafasa ba wuta, saboda matsi ya ragu. Tukunyar matsi akasin haka take yi: tana ƙara matsi, ta hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120 a ma'aunin Celsius, shi ya sa wake ke nuna da wuri a cikinta.

Ka bar musu labarin ƙanƙara a minti biyar na ƙarshe, shi ya fi kama hankalinsu. A matsi ninki 2,000 da ɗoriya, ruwa yana iya ƙin daskarewa har sanyin digiri 22 ƙasa da sifili. A wajen ninki 10,000 kuma yakan daskare ko a ɗumin ɗaki, ya zama wata irin ƙanƙara mai nutsewa a ruwa. Percy Bridgman na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana wannan a 1912, kuma aikinsa kan matsi ya ba shi kyautar Nobel a 1946.