Yadda za ka ƙi amincewa da tarar "kwana ba bisa ƙa'ida ba" bayan an yi karo

Abin da ke damuna a garin nan na Katsina shi ne da zarar an gwabza, a ce wajen Ƙofar Ƙaura ko kan IBB Way, wanda ya yi kwana shi ake ɗora wa laifi kai tsaye, ko da ya kunna sigina tun daga nesa kuma ɗan acaɓa ne ya sheƙo da gudu ta hannun da ba nasa ba. Sai a rubuta mai takarda, shi kuma don tsoro ya ruga ya biya. Toh ga yadda ake yi in ka tabbata kana da gaskiya.

Farko dai rai, in akwai wanda ya ji ciwo a kai shi asibiti, lambar gaggawa ta Road Safety 122 ce. Bayan nan kafin kowa ya matsar da mota ka fito da waya ka ɗauki hoto da bidiyo, nan ne fa shari'ar take gaba ɗaya wallahi, domin minti kaɗan jama'a za su taru su ture motocin gefe shi kenan shaida ta tafi. Ka ɗauki inda tayoyi suka tsaya, sawun birki a kan kwalta, inda gilashi ya zube, gefen da aka buge ka, sannan ka juya ka ɗauki hanyar kanta, akwai allon da ya hana kwana a wurin ko babu? In akwai, ana ganin shi ko fosta ta rufe shi? Mai shago ko mai shayin da abin ya faru a gabansa ka roƙe shi lambar waya.

Kada ka yi cacar baki da jami'i, ko ɗan Road Safety ne ko KASSAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Katsina) ko ɗan sandan MTD (sashen 'yan sanda mai kula da ababen hawa). Ka karɓi takardar, ka duba laifin da aka rubuta, rana, wuri, lambar motarka da sunan jami'in, ka ɗauke ta hoto ita ma. Kuma dan Allah ka riƙe bakinka da "laifina ne, a yi haƙuri", jajantawa daban amsa laifi daban.

Sai babban abin, kada ka biya tukuna. Takardar Road Safety zaɓi take ba ka, ko ka biya ko a kai ka kotu, in ka biya ta Remita kamar ka amsa ne, kuma gobe wancan direban da ita zai kafa hujja ya ce ka gyara mai mota.

Kada ka bari kwanaki su ja. Ka rubuta takardar koke zuwa ga kwamandan ofishin da ya ba ka tarar, ka haɗa hotuna, ka riƙe kwafi da aka buga wa hatimi. In ba su janye ba ka ce kana son zuwa gaban majistare, haƙƙinka ne. Ka je da lasisi, takardun mota da inshora mai rai, don in ɗaya ya mutu wani laifin ne daban. Ka sanar da kamfanin inshorarka ma, ta dubu 15 ɗin nan tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani har miliyan 3.

In motar na tsare kuɗin ajiya na hawa kullum, sai ka lissafa. In kuma an yi rauni ko asarar rai, kar ka je kai kaɗai, nemi lauya ko ofishin Legal Aid, masu taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.