Yadda ake zama masanin halayyar ɗan'adam mai duba marasa lafiya a Amurka ba tare da asarar shekara ba

Ba zan daɗe kan bambancin likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayyar ɗan'adam ba. Na farko makarantar likitanci ya yi, shi ke rubuta magani. Na biyu digirin digirgir ya yi, aikinsa gwaje-gwaje da jinya ta hanyar tattaunawa. Duk wanda ya kai ga neman gurbi ya san wannan. Inda mutane ke tuntuɓe, har da ni, can ne tsakiyar tafiya.

Ka fara da zaɓen irin digirin, domin iri biyu ne. PhD ya ginu ne a kan tsarin da aka amince da shi a taron masana da aka yi a garin Boulder a 1949, wato ɗalibi ya fito yana mai bincike kuma mai jinya. PsyD ya samu gindin zama a taron garin Vail na 1973, ya fi karkata ga jinya. PhD kan ci shekara biyar zuwa bakwai, kuma galibi ana yafe kuɗin makaranta a haɗa wa ɗalibi da ɗan alawus, shi kuma ya taya koyarwa ko bincike. PsyD kan fi gajarta kaɗan, amma yawanci daga aljihunka ne, ko daga bashin da za ka daɗe kana biya. Ni a wurina, in dai ganin ƙididdiga ba ya sa ka zazzaɓi, PhD za ka nema. Ko wanne ka ɗauka, kafin sunan jami'a ya ruɗe ka, ka duba ko APA, wato ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, ta tantance wannan kwas ɗin ta amince da shi. Kwas ɗin nake nufi, ba jami'ar ba. Digirin da bai da wannan hatimi yana rufe maka ƙofofi da yawa a wurin horo da wurin neman lasisi.

A PhD malami kake nema, ba makaranta ba. Ka karanta abin da ya wallafa a shekarun baya-bayan nan, ka tura masa gajeren saƙo tun a Satumba ko Oktoba kana tambaya ko zai ɗauki ɗalibi bana. Na ga waɗanda suka biya kuɗin cike takarda a wuri goma sha biyu, ashe rabin malaman da suka ambata ba sa ɗaukar kowa a shekarar. Kuɗin nan ba a mayarwa. Yawancin makarantu suna rufe karɓar takardu wajen 1 ga Disamba, su kira ganawa a Janairu da Fabrairu, wanda aka ba gurbi kuma yana da har 15 ga Afrilu ya ba da amsa. Wasiƙun shaida uku ake so, aƙalla biyu su fito daga waɗanda suka ga aikinka na bincike da idonsu. A takardar bayanin kai kuma kada ka cika shafi da labarin damuwar da ka taɓa shiga. Tambayar da kake son bincika ita suke son ji.

To, ka shiga. Shekarar farko darussa ne da ƙididdiga da koyon gwaji, kowa yana wuce ta. Daga shekara ta biyu galibi ake fara tura ɗalibi asibitin koyarwa na sashe ko wata cibiya a waje, ya riƙa ganin marasa lafiya ƙarƙashin mai sa ido. A nan nake so ka nutsu.

Ranar da ka ga mutum na farko, ranar za ka fara rubuta awanninka. Ba ƙarshen wata ba, ba ƙarshen zango ba. Dalili shi ne, in lokacin neman horon shekara guda ya zo, wato aikin koyo na cikakken lokaci da ake yi a ƙarshen digirin, takardar da ake cikewa ba jimillar awanni kawai take tambaya ba. Sai ka raba su: awa nawa ka yi ido da ido kana jinya, awa nawa kana gwaji, awa nawa a gaban mai sa ido kai kaɗai, nawa a cikin rukuni, sannan awannin rubuta rahoto da karatun fayil, waɗanda lissafinsu daban ne. Za a tambaye ka shekarun waɗanda ka gani, jinsinsu da asalinsu, irin wurin da ka gan su, da sunan kowane gwaji, WAIS ne ko WISC na auna basira, ko MMPI na auna ɗabi'a, da sau nawa ka yi shi. Akwai kuma adadin cikakkun rahotanni, irin wanda ake haɗa tarihin mutum da hirar da aka yi da shi da sakamakon gwaji aƙalla iri biyu a wuri ɗaya.

Ni ban san haka ba. Shekarata ta farko a wata cibiya a ɗan littafi nake rubuta "mutum huɗu, Talata", shi ke nan. Bayan shekara biyu na zauna cike takarda, na koma neman bayani, sai na tarar wadda ta sa mini ido ta bar aikin, cibiyar ta sauya tsarin ajiye fayil, ni kuma ba ni da izinin buɗe fayil ɗin kowa tunda na bar wurin. Daraktan horo na sashenmu, wanda dole sai ya tabbatar da awannin, ya ce abin da babu shaidarsa ba zai sa masa hannu ba. Gaskiyarsa. Aikin wata da watanni ya tafi a banza, na jinkirta neman horo da shekara guda cur. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar na ɗauko wuƙa.

Saboda haka kowace Juma'a, kafin ka bar wurin aiki, ka shigar da na makon. Wasu suna biyan kuɗin Time2Track, manhajar ajiye lissafin awanni, wasu makarantu ma suna biya wa ɗalibansu. In babu hali, jadawali a kwamfuta ya isa, muddin ka tsara shi daidai da rabe-raben takardar APPIC, ƙungiyar da ke haɗa ɗalibai da wuraren horon shekara guda, tun farko. Kada sunan mara lafiya ya shiga ciki, lamba za ka ba shi. Ƙarshen kowane zango ka buga, mai sa ido ya sa hannu, ka ajiye kwafi biyu. Kada ka ji nauyinsa, aikinsa ne.

Zaman da mai sa ido ma akwai yadda ake cin moriyarsa. Sabon ɗalibi yakan kai masa faifan zaman da ya yi kyau don a yaba masa. Kai ka kai wanda ya dagule, inda ka katse mutum yana tsakiyar kuka, ko ka yi shiru ka rasa abin cewa. Awa ɗaya ce a mako. Kuma duk ranar da wani ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani, ba jiran ranar zama ake yi ba, a take ake kiran mai sa ido. Lambarsa ta kasance a wayarka tun kafin ka ga kowa. Ka riƙa sauya wurin horo ma: shekara uku a cibiyar ba ɗalibai shawara ba za ta buɗe maka ƙofar asibitin masu tsananin taɓin hankali ba.

Kundin bincikenka, ka kare tsarin yadda za ka yi shi a gaban malamai kafin ka nemi horon shekara guda. Makarantu da dama ma sharaɗi suka mai da shi. In da hali ka gama tattara bayanai kafin ka tafi, don mai aikin awa arba'in a mako ba ya dawowa gida ya yi rubutu, ko me ya yi wa kansa alkawari.

Horon kansa ta hannun APPIC ake samunsa. Ana tura takardu wajen Nuwamba, a yi ganawa Disamba da Janairu, kai ka jera wuraren da kake so, su ma su jera ɗalibai, kwamfuta ta haɗa, sakamako ya fito a Fabrairu. Ka jera su yadda zuciyarka take so, ba yadda kake zaton za su ɗauke ka ba, haka aka gina lissafin. Inda ka faɗa nan za ka, babu ja da baya. Wanda bai samu ba akwai zagaye na biyu. Ɗan ƙasar waje kada ya ɓata kuɗinsa kan asibitocin tsofaffin sojoji, 'yan ƙasa suke ɗauka. Shekara ce guda, kimanin awa 2,000.

Lasisi kuma kowace jiha da dokarta. Wasu sai ka ƙara awanni ƙarƙashin sa ido bayan digiri, wasu suna karɓar na baya. Sai jarrabawar lasisi mai suna EPPP, tambaya 225, yawancin jihohi maki 500 suke nema a ma'aunin makinta na musamman, da yawa kuma suna ƙara wata a kan dokokin jihar. Ka ajiye takardar tsarin karatun kowane darasi da ka ɗauka, hukumar lasisi kan nemi ganinsu, musamman in ka sauya jiha.