Yadda Ake Ɗauko Zanen Saƙa Daga Bangon Tsohon Birni

Masu saƙa da yawa sukan dawo daga tafiya da hotuna cike da waya, amma ko hula ɗaya ba ta fita daga cikinsu. Dalili shi ne sun ɗauki gini sukutum, alhali abin da saƙa take so ɗan ƙaramin zane ne mai maimaita kansa.

Saboda haka idan kin shiga wuri irin makarantar Attarin ta birnin Fas a Maroko, wadda aka gina wajen 1325, ko fadar Alhambra a Giranada ta ƙasar Sifen, sauke idonki kan tayil ɗin da ke ƙasan bango. Nemi inda zanen ya fara da inda ya sake dawowa. Wannan tsakanin kaɗai za ki ɗauka. Ki tsaya daidai gabansa, kada ki karkata wayar, don karkata tana lanƙwasa layuka. A nan take ki zana shi a littafi, domin hannu yana gano abin da ido ya tsallake. Ƙofofin katako, tagogin ƙarfe da jerin tubali su ma suna ba da irin wannan zanen.

Rubutun Larabcin da ke jikin irin waɗannan gine-gine kuwa a bar shi a inda yake. Da yawa daga cikinsa na ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, bai dace da safa ko rigar sanyi ba.

Sai launi. Zaɓi uku ko huɗu, ki mai da hoton baƙi da fari a waya. Idan shuɗi da kore suka zama toka iri ɗaya, haka za su haɗiye juna a saƙa, komai kyansu a bango. Dole ɗaya ya yi duhu sosai, ɗaya ya yi haske.

Babban aikin yana wajen mai da zanen lissafi. Idon saƙa, wato madauki guda a kan kibiya, ya fi faɗi a kan tsawo. Da zaren ulu matsakaici da kibiya mai milimita 4, santimita 10 takan ci ido 22 a kwance amma layi 30 a tsaye. Idan kin zana tauraro mai tsini takwas a takarda mai gidaje murabba'i, zai fito a danne kamar an zauna masa. Ki ja gidajenki su fi faɗi, gwargwadon awon saƙarki. Layin da ya miƙe ko ya karkata yana fita tsaf, mai lanƙwasa kuma sai ya yi haƙora idan zanen ƙarami ne.

Kada layi ɗaya ya wuce launi biyu. Zaren launin da ba a saƙa da shi a lokacin, wanda ke bi ta baya, kada ya tsallake fiye da ido biyar ba a sarƙe shi ba, in ba haka ba yatsa zai riƙa kama shi, idan kuma kin ja shi da ƙarfi saƙar ta tattare.

Faɗin zanen ya raba jimillar ido ba saura. Hula mai ido 96 tana karɓar zane mai ido 8 ko 12, amma mai 10 zai yanke a baya.

Kafin ki fara ainihin saƙar, saƙa gwaji mai faɗin santimita 15, ki wanke shi, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki auna. Jingine shi ki ja da baya taku biyar. Idan tauraron bai fito daga nan ba, launin za ki canza.