Yadda za ka fara zama da masanin halayya a Kano tun abu bai yi nisa ba

Mu nan Kano da ka ce za ka ga likitan ƙwaƙwalwa sai a fara kallonka a kaikaice, kamar gobe za ka fita tsince-tsince a bola. Ni dai bayan rasuwar Baba na fi wata biyar ba na barcin kirki, abu kaɗan na daka wa yara tsawa, an yi min rukiyya, na sha rubutu, kowa haƙuri da tawakkali yake ce min kuma gaskiya suka faɗa, amma abin bai sake ni ba sai da na haɗa da zama da masanin halayyar ɗan Adam.

Ka fara sanin wa kake nema tukunna. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani, shi kuwa masanin halayya aikinsa zama da kai ana magana. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ka yi sammako saboda layi, ka yanki kati, in ka shiga wajen likita ka buɗe baki ka ce kana son a haɗa ka da mai zaman tattaunawa, kar ka tsaya a "kaina ke ciwo" kawai a ba ka farasitamol ka tafi.

Kafin ranar ka sayi ɗan littafi, ko ka rubuta a waya. Duk sanda ƙirjinka ya yi nauyi ka rubuta me ya faru, me ka raya a ranka, me ka yi daga baya. Misali ka kira abokinka bai ɗaga ba, zuciya ta ce ai ya raina ka ne tunda kasuwarka ta ja baya, sai ka ɗauke ƙafa daga majalisa gaba ɗaya, alhali ƙila bawan Allah yana cikin a daidaita sahu ne a cunkoson Ƙofar Wambai bai ji ba. Irin wannan bin sawun tunanin shi ne tushen hanyar CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a ta tattaunawa, wadda wani likita a Amurka Aaron Beck ya shimfiɗa a shekarun 1960. Yawanci zama ɗaya minti 45 zuwa awa guda ne, sau ɗaya a sati, a yi kamar zama 6 zuwa 20.

Kar ka je da tunanin nasiha za a yi maka, wannan kana samu a gida kyauta. Tambayoyi ne. A zama na uku mutumin ya ce min, "Malam, kana ina ranar da Baba ya rasu?" ya yi shiru ya turo min kwalin tishu, wallahi sai da na kalli fankar silin na kusan minti biyu kafin na iya cewa ina Legas saro kaya. Ashe tsawar da nake wa yara haushin kaina nake ji, ban taɓa haɗa biyun ba.

Abin da ka faɗa sirri ne, sai dai in akwai haɗari ga ranka ko na wani. Tun 2023 ma akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

In an haɗa maka da maganin damuwa ka sani yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin ka fara jin canji, kuma ba a yanke shi lokaci ɗaya ba da sanin likita ba. In kuwa tunanin kashe kanka ke zuwa maka to ba maganar jiran sati ba ce, ka faɗa wa wani na kusa ya raka ka sashen gaggawa yau ɗin nan. Wanda kuma ya yi zama uku huɗu ya ga jininsu bai haɗu da masanin ba, ya nemi a canja masa wani, ba laifi ba ne, kuma ya tafi da littafin nasa.